Kansila a Bayan Kwalekwale

Berting ya tsoma hannu cikin bokiti, ya ɗebo ƙananan jatan lande waɗanda ƙanƙara ba ta gama sakinsu ba, ya watsa ta bayan kwalekwale ba tare da ya waiwaya ba. Haka yake yi kullum daga shida na safe zuwa tsakar rana, hannu ɗaya a filafili, ɗaya a bokiti. Tuki, ƙaton kifin shak ɗin nan mai fararen ɗigo wanda ba ya cizon kowa, sai ya biyo shi a baya kamar akuya ta ga mai dusa, shi kuma ya ja shi a hankali ya wuce gaban layin baƙi. Baƙin suna cikin ruwa, sanye da riguna masu ruwan lemo, kowa ya riƙe gorar da ke gefen kwalekwalensa da hannu ɗaya, ɗayan hannun na ɗaukar hoto.

Wani abu ya tunkuɗi katakon daga baya. Berting ya san wannan tunkuɗar. Kansila ne, ɗaya daga cikin tukin nan, wanda kwana huɗu ke nan ba a gan shi ba. Masu ciyarwa ne suka raɗa masa sunan, don shi ke fara zuwa wurin ci, shi ne kuma na ƙarshen tashi.

Ya waiwaya. Bakin yana nan a buɗe, faɗinsa kamar ƙofar ɗaki, ruwa na kwarara ciki. Amma daga leɓen sama zuwa idon hagu akwai yanka biyar a jere, tazararsu ɗaya, kamar an auna. Naman ya yi fari. Idon ya shige cikin kumburi.

"Nong, mutuminka ya dawo daga yaƙin zaɓe?" in ji Tasyo, abokin aikinsa, daga nasa kwalekwalen. Nong ake ce wa namijin da ya girme ka a nan, mace kuma Nang. Bai ga fuskar ba tukuna. Da ya matso ya gani, sai ya daina dariya, ya yi alamar gicciye da hannun da ke ƙarnin jatan lande.

Wata baƙuwa ta ɗago kai daga ruwa, ta cire gilashinta, tana nuna wa mijinta da yatsa. Kafin minti biyar Nang Saling, shugabar ƙungiyar masu kwalekwale, ta sa an tuƙo ta daga bakin gaɓa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. Ta ce wa Berting ya ja kifin zuwa bayan igiyar iyaka, can inda baƙi ba sa kaiwa, ya riƙe shi da abinci har a tashi. Gida ɗari biyu ke cin shinkafa daga wannan ruwa, in ji ta, kuma hoto ɗaya ya isa ya mayar da su duka kan ƙugiya da raga.

Ya ja shi. Bai sha wahala ba, kifin ya biyo.

A bayan igiyar Maricel ta cim masa. Shekara uku ke nan jami'a ta turo ta ƙauyen tana ƙirga kifayen, tana gane kowanne da tsarin ɗigonsa. Mutane ba sa son takardunta, amma suna ba ta busasshen kifi in ta wuce. Ta nitse, ta ɗauki hotuna, ta fito ta riƙe gorarsa tana numfashi.

Ta ce farfelar injin jirgi ce ta yanke shi. Ya ce ai ba a shigowa da inji nan, doka ce, kuma shi da kansa ya taɓa korar jirgin wani babban mutum.

"Ba nan ya samu ba, Nong. Can waje ne."

"Teku duk faɗinta, Inday," in ji shi, yadda ake kiran kowace yarinya a nan. "Me zai kai fuskarsa kan farfela?"

Ta dube shi, ta dubi inda bakin kifin yake, dab da katakon baya.

"A ina yake cin abinci?"

Farfelar jirgi ma a baya take. Ta saki gorar, ta yi iyo ta koma wajen sauran.

Berting ya zauna da filafili a cinya. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da aka fara wannan sana'a, daga gefe ake ciyarwa. Kifi ya tsaya wuri ɗaya yana ci, baƙin da ke kusa su gani, na ƙarshen layi su fito suna ƙorafi. Shi ne ya gano cewa in ka watsa ta baya kana tuƙi, kifin zai bi ka duk inda ka nufa. Cikin mako guda kowa ya kwaikwaya. Hotonsa ne ma a allon da ke bakin titi, yana murmushi, haƙoransa ba su zube ba tukuna. Kansila a lokacin bai fi tsawon kwalekwale ba, kuma a bayan wannan kwalekwalen ya girma.

Ya ɗauki bokitin ya rarrafa zuwa gaba. Ya watsa hannu ɗaya a can, ya ƙara wani. Jatan landen suka bazu suna nitsewa, ƙananan kifaye suka taso suka wawashe. Ya ƙwanƙwasa katakon gaba da filafili, ya kira shi da suna kamar mai ji. Kansila bai motsa ba. Yana tsaye a baya, jela ƙasa, baki sama, yana jira. Berting ya juya kwalekwalen domin gaban ya fuskance shi. Kifin ya zagaya a hankali, da gefen idon da ke gani, ya koma mazauninsa.

Sabo turken wawa, in ji mutane. Berting bai tabbata wane ne wawan ba.

Mahaifinsa, a zamanin da tuki ba komai ba ne sai mai yaga raga, yakan kore su da gora. Bugu biyu a hanci, ba za ka sake ganin wannan kifin kusa da jirgi ba har shekara ta zagayo. Yanzu kuwa dokar ƙungiya a rubuce take cikin harsuna huɗu: wanda ya taɓa kifi, baƙo ne ko ɗan gida, ya fita daga ruwa. Ga mai ciyarwa, dakatarwar mako biyu ce.

Ya koma baya. Ya zaɓi gefen dama, inda babu rauni. Dukan farko da faɗin filafilin ya yi, ya ji kamar ya bugi dutsen niƙa. Kifin ya ƙara buɗe baki. Na biyu ya juya filafilin ya buga da kaifinsa. Na uku ya miƙe tsaye ya sa ƙarfinsa duka, har kwalekwalen ya karkata, gorar gefe ta nitse.

Bakin ya rufe. Kansila ya sulale ƙasa ba gaggawa, ɗigon bayansa suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya, jelar ta kaɗa sau ɗaya, ruwan ya koma shuɗi.

Berting ya jira. Rana ta hau, ƙanƙarar bokitin ta narke, ƙarni ya tashi. Ya ci dafaffiyar ayabar da matarsa ta ƙunsa masa. Sau biyu ya ga inuwa a ƙasa, duka biyun gajimare ne. Da ya ga sha biyu ta kusa, sai ya tuƙa zuwa gaɓa, bokitin na nan fiye da rabi.

Nang Saling na zaune ƙarƙashin rumfa, madubin hangen nesa a wuyanta. Bai jira ta tambaya ba, ya faɗa mata. Ta ce ta gani. Ta ce da wani ne da ta ce giyar kwakwa ce, amma shi ta san ba ya sha da safe. Mako biyu, in ji ta, kuma kada ya sa ta maimaita a gaban mutane. Ya ce ya ji. Ya jawo kwalekwalensa kan tsakuwa, ya kife shi, ya ajiye bokitin a gefe.

Baƙi na ƙarshe suna fitowa, suna cire riguna, suna duba hotuna. Can bayan igiyar iyaka, jirgin fasinja mai zuwa tsibirin da ke tsallake yana lodi, kamar kullum a wannan lokaci. Matuƙinsa ya ja igiyar injin sau biyu, bai tashi ba.

"Nong Berting." Muryar Tasyo ce, daga ruwa, ba nisa. "Zo ka ga mutuminka. Ya sauya sheƙa."

Berting ya sa hannu ya kare rana. A bayan kwalekwalen Tasyo, dab da katako, baki ne a buɗe, da yanka biyar a jere.

"Tun yaushe?"

"Ya kai rabin awa. Ya cinye nawa tas, ko kunya babu. Kai ya daina gaisarwa, ba mu ba." Tasyo ya ɗaga bokitinsa ya kife don ya nuna. "Yanzu kuma sai juyawa yake yi."

A karo na uku injin ya tashi. Ƙararsa ta bi ruwa ta iso har kan tsakuwar. Kansila ya rufe baki, ya karkata kai wajen da ƙarar ke fitowa.

Berting ya ɗauki bokitinsa. Ya dubi Nang Saling. Ita kuwa ta sunkuya tana gyara igiyar takalminta, ta daɗe tana gyarawa. Ya shiga ruwan da tufafinsa, zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, zuwa ƙirji, bokitin a bisa kai, har ya kai hannun Tasyo.

"Kaɗan-kaɗan za ka ba shi. Ka riƙe shi har jirgin ya wuce."

Tasyo ya ɗebo, ya watsa ta baya. Bakin ya sake buɗewa.

"Gobe fa, Nong?"

Berting ya wanke hannunsa a ruwan, ya shinshina, ya sake wankewa.

"Gobe ma akwai jirgi. Ka zo da bokiti biyu."