Allon da Aka Wanke

Kebur ɗin ya sake sauka a cinyar Hanifa, ta ƙanƙame ƙafar turmi tana ihu. Inusa, ubanta, bai ko kashe babur ɗinsa na kabu-kabu ba, ya bar shi can ƙofar gida yana ruri shi kaɗai. Allon yarinyar na lakwal, wato makarantar boko, na hannunsa na hagu, baƙi wuluk, ko ɗigon alli babu.

"Ina kalmomin da Madam ta rubuta? Wa ya goge?"

Hanifa, 'yar shekara biyar, ba ta amsa ba. Kuka kawai take har numfashinta na sarƙewa.

Abin ya samo asali ne daga bakin ƙofar jardan, makarantar ƙananan yara. A gaban iyayen yara Madam, malamar ajinsu, ta ce masa Hanifa ce kaɗai ba ta gane kalma da ido, in aka ci gaba a haka sai ta maimaita aji. Ta rubuta 'yan kalmomin Faransanci a allon, ta karanta masa su daga sama zuwa ƙasa, ta ce a dinga nuna mata a gida. Inusa ya haɗiye kunyar ya taho da ita. Shi da duka ya kora daga lakwal tun bai iya riƙe alli ba, sai ga shi ya naɗa kansa mushe, wato malamin boko. Kullum bayan la'asar zai ɗora yatsa a layin farko ya ce papa, na biyu maman, na uku moto, kamar mai jan carbi. In yarinyar ta yi tuntuɓe, kebur ya gyara mata. Ko makaho ya ga tsoro ne ke toshe mata kai, amma Inusa bai gani ba.

Baiwa, uwarta, ta jiyo ihun tun daga famfon unguwa. Ta yar da jarka a hanya ta shigo a guje, ta faɗa kan 'yarta. Bugun da ya riga ya taso ya same ta a kunci, fatar ta tsage, jini ya gangaro kan mayafinta. Inusa ya fizgo ta da wuyan riga ya jefar gefe, ta bugu da randa, randar ta fashe. Ta miƙe cikin laka ta sake shiga tsakaninsu, wannan karon da taɓarya a hannu.

"Ni na wanke allon, Malam. In duka ne ga ni."

Ta faɗa masa komai tana haki. Ta gaji da shafa wa yarinya man kaɗanya a shatar bulala, shi ya sa ta yi abin da ta ga ana yi a Kurni, garinsu, in karatu ya ƙi shiga kan yaro. Ta wanke rubutun a ƙoƙo, ta zuba ɗan sukari, ta ba Hanifa ta shanye. A ganinta rubutu rubutu ne, na malam ko na Madam, in dai ya shiga ciki ya zauna. Ta kuma ja mata kunne cewa maganin da aka faɗa ya karye, shi ya sa yarinyar ta sha dukan nan ba ta buɗe baki ba.

Inusa ya zage ta ya zagi ƙauyensu, ya ce jahilci zai kashe ta. Ya ɗaga kebur, ta ɗaga taɓarya. Matan maƙwabta sun cika zaure suna salati, ba wadda ta iya matsowa.

Baiwa ta sunkuya ta tsinci guntun alli a ƙasa ta cilla masa a ƙirji.

"To mai ilimi, mayar mata da kalmomin. Ai kai ne mushenta."

Babur na ta ruri a waje. Inusa ya ɗauki allin, ya dafa allo a gwiwa. Ya ja wani layi, ya goge da babban yatsa. Ya zana da'ira, ya tsaya. Jerin ya haddace, na sama da na ƙasa, amma kamannin kalmomin ba su taɓa zama a kansa ba. Kunya ta kama shi fiye da ta ƙofar jardan.

Hanifa ta rarrafo daga bayan turmi. A tunaninta in rubutu ya dawo duka zai tsaya. Ta zare allin daga yatsunsa, ta yi wasu haruffa huɗu karkatattu da hannunta mai kumburi, ta tura masa allon ta ja baya.

Baiwa ta saki taɓarya tana hamdala, ta tabbata magani ya ci. Inusa kuwa ya daɗe yana kallon rubutun. Bai san ko daidai ne ba, bai ma san wace ce daga cikin kalmomin ba.

"Mece ce wannan?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Hanifa ta kare kanta da hannu biyu kafin ta amsa.

"Papa."