Guɗa a Bayan Makarar Ragab

Ranar da motar rake ta take ƙanena Ragab, ranar naƙuda ta kama matarsa Insaf, alhali watanta bai tsaya ba. Ana shigo da gawa ta dafe ciki ta durƙushe. Innarmu kuwa ta shafe fuska da shuni, ta ɗora laka a ka, yadda ake makoki a wurinmu, ta zauna a tsakar gida, matan ƙauye sun kewaye ta ana ta kururuwa.

Ni aka tura ɗakin sama tare da Insaf, ni da Umm Sabir ungozoma, tsohuwa mai bakin tsiya.

"Hamdiyya, ko ki riƙe ta ko ki sauka ki yi kukanki," in ji ta. "Ba na aiki da mai hawaye."

"Ƙanena ne fa kwance a ƙasa, Gwaggo."

"Na ƙasa ya gama nasa. Riƙe mini ƙafar nan."

Wallahi kamar in gaura mata mari, amma na riƙe.

Insaf ta ƙi nishi. Ta kafa wa rufi ido, abu ɗaya take faɗa: ku bar ni in bi shi. Asibiti yana ƙetaren kogi, maza duk suna wurin gawa. Umm Sabir ta ja ni gefe ta ce faya ta fashe tun ɗazu, in yarinyar nan ba ta yunƙura ba, makara uku za a fitar yau.

Na kama kunnen Insaf na murɗe.

"Ke! Wane likita ne ba ku je ba, wane malami ne bai tofa miki ba, a kan cikin nan? Abin da Ragab ya bari a duniya ke nan. Ki kashe masa shi ki gani, ni zan shaƙe ki da hannuna."

Ta dube ni kamar za ta cinye ni. Sai ta yunƙura.

A ƙasa kururuwa ta ƙaru, na gane an ɗauki makara. Muna jin kalmar shahadar maza tana bin lungu tana nisa, sai ga jaririya ta faɗo, jikinta shuɗi, ba motsi. Umm Sabir ta zura mata yatsa a baki, ta kife ta, ta bubbuga baya. Shiru. Ta hura mata hanci. Shiru. Insaf ta ɗago kai tana tambaya.

Sai wata 'yar atishawa, sai kuka, siriri kamar na kyanwa.

Ban san lokacin da hannuna ya kai baki ba. Guɗa ce ta kuɓuce mini, doguwa, irin ta gidan biki, ina yi ina dariya, ga wani daɗi ya cika mini ƙirji. A wurinmu gidan da aka yi mutuwa ba a guɗa a cikinsa sai shekara ta zagayo, balle gawa ba ta kai kushewa ba.

Gidan ya yi tsit.

"Kin kashe kanki, 'yar nan," in ji Umm Sabir a hankali.

Muka ji taku a matakala. Inna ta tsaya a ƙofa, laka tana zubo mata a goshi.

"Wace ce?"

"Ni ce, Inna."

Na runtse ido ina jiran mari, ko baki, wanda ya fi mari. Ta dubi abin da ke hannun Umm Sabir.

"Da rai?"

"Da rai, Hajiya. Mace ce."

Ta wuce ni ta banke taga. Can wajen itatuwan dabino ana hango kawunan maza da makara a sama.

"Zo nan," ta ce. "Muryata ta dishe, ba zan iya ba. Sake yi, da ƙarfi. Ba su yi nisa ba, zai ji."