Mai Jana'iza da Jirgin 'Yan Fashi

A garinmu in mutuwa ta shiga gida, kafin a kira fasto Douwe Rinsma ake kira. Shi ne mai shirya jana'iza, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Dogo ne siriri, kullum cikin baƙin kwat, tafiyarsa a hankali sai ka ce da ƙwai a aljihunsa. Bai taɓa aure ba, shi kaɗai yake kwana a benen da ke saman shagonsa. Ba wanda ya taɓa jiyo dariyarsa daga nesa, mutanen gari kuwa haka suke so, don ba mai miƙa gawar uwarsa ga sarkin ƙyaƙyata. Duk abin da Douwe ya mallaka a duniya shi ne an yarda da shi. In ya ce zai zo, to, ka ɗauka ya zo.

Sai dai akwai abin da yake so a ransa wanda ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba. Jirgin 'yan fashin teku yake so. Tun yana ƙarami abin ya shiga ransa, ga shi ya haura sittin, kai ya yi fari fat, abin bai fita ba. Da ya rufe shago sai ya hau kwamfuta yana laluben tallan jirage. Ba tsohon katako mai ruɓa yake nema ba. Ƙarami yake so, na zamani, mai injin lantarki, wanda mutum ɗaya zai tuƙa ba wahala, amma a ido ya fito na 'yan fashi sak. Abin da yake ta cin karo da shi kuwa, ko na wasan yara, ko ƙaton na ɗaukar masu yawon buɗe ido. In ya ji takun Marten, abokin aikinsa, sai ya rufe kwamfutar da sauri, har Marten ya fara zargin wani abu dabam maigidan yake kallo. Douwe ya bar shi da zarginsa, don a ganinsa wannan ya fi sauƙin kunya.

Ana cikin tsakiyar zafi ya same shi. Wani mai ƙera jirage ne a garin da ke gaba da namu, a bakin magudana ɗaya, hanyar ruwan da jirage ke bi, sunansa Hidde. Douwe ya buga masa waya murya ƙasa-ƙasa.

"Jikokina zan saya wa," ya ce, tun ba a tambaye shi ba.

"Kowa haka yake cewa, Baba," in ji Hidde yana dariya. "Ka zo Asabar da safe. Da rana wani Bajamushe zai zo, shi kuwa ba ya kallo, ɗauka yake yi."

Asabar ɗin nan kuwa ita ce ranar watsa tokar Sibren Postma. Sibren masunci ne, ya rasu a watan da ya wuce, ya bar wasiyya a ƙona shi a watsa tokarsa a babban tafki, inda ya yi rayuwarsa yana jan taru. Matarsa Aukje ajinsu ɗaya da Douwe tun firamare. Ranar da aka gama shiri ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai za ka riƙe min shi a jirgi, Douwe. Ni hannuna rawa yake yi, kar in yar da shi tun ba mu isa ba." Ya ce mata kar ta damu, yana nan.

Ranar Juma'a da yamma ya ɗauki waya ya kira ta. Ya yi tari, tarin da shi kansa bai gamsu da shi ba, ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi, ko tsayuwa ba ya iyawa, Marten zai raka su.

"Ayya, Douwe, sannu," ta ce. "Kwanta abinka ka huta. Kullum kana kan na mutane, ai dole jiki ya gaya maka."

Ya ajiye wayar kunnuwansa na zafi. Amma zuciya ba ta rasa abin da za ta gaya wa mai ita. Da sassafe za su fita. Kafin shi ya taka jirgi, sun watsa tokar sun koma gida suna shan kofi da kek. Marten ya san aikinsa. Shi kuwa a magudana kawai zai ɗan zagaya, ba abin da zai kai shi tafki.

Tun gari bai gama wayewa ba ya zura gajeren wando, wanda rabonsa da shi har ya manta, ya fita ta ƙofar baya, ya kashe wayarsa.

Da ya ga jirgin sai da ya dafa ƙarfen gada. Baƙi ne wuluk, da zanen ja a gefe. Bayansa a ɗage, da jerin 'yan tagogi masu ruwan zinariya. Ga jigo da filafili, ƙyallen kama iska, a naɗe, ga bakunan igwa na ado suna leƙowa, ga sitiyarin katako mai ƙahoni. A can sama baƙar tuta tana kaɗawa, da ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Duk tsawonsa bai fi motar gawa ba. Douwe ya shafa gefensa ya ji santsi, ba katako ba ne, roba ce ta zamani, yadda yake so.

Hidde ƙato ne mai jan gemu, irin mutanen da ko raɗa suka yi sai an ji a ƙetaren ruwa. "Ba a hawa jirgina da kai tsirara," ya ce, ya ɗauko wata hula mai kusurwa uku da dogon jan gashin tsuntsu, ya kafa wa Douwe. "Bismillah, Kyaftin!"

Injin ko ƙara ba ya yi. Suka bi magudana, shanu na kallonsu daga makiyaya, masu keke na ɗaga musu hannu. Douwe ya riƙe sitiyari, iska na dukan fuskarsa, can sai ya ji wata ƙara ta fito daga ƙirjinsa. Dariya ce. Ya yi ta yi har da hawaye, shi kansa bai san yana da irinta ba.

"A magudana ai ko baho ya yi tafiya," in ji Hidde. "Mu leƙa tafki ka ga yadda yake hawa igiyar ruwa."

Douwe ya dubi agogo. Rana ta kusa tsaka. Yanzu kam Aukje tana gida. Ya ce su je.

Tsakanin magudana da tafki akwai madatsa, don ruwan biyu tsayinsu ba ɗaya ba ne. Jirage su shiga, a rufe ƙofar baya, a jira ruwa ya daidaita, sannan a buɗe ta gaba. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, ba fita sai an buɗe. Suka samu wuri jikin bango suka ɗaure. Ranar hutu ce, jirage suka yi ta shigowa har bango ya cika, mutane na nuna su suna ɗaukar hoto. Douwe har ya fara sara musu.

Mai gadin madatsa ya ɗaga hannu, alamar saura ɗaya. Wani tsohon jirgin kamun kifi ya sulalo a hankali, tutarsa a rabin sanda, mutanen cikinsa duk da baƙaƙen kaya. Douwe ya san jirgin nan kamar yadda ya san matakalar gidansa. Jirgin Sibren ne.

"Ku jingina da na 'yan fashin can!" mai gadi ya ƙwala musu. Ƙofar baya ta rufe.

Nan da nan madatsa ta yi tsit. Masu kiɗa suka kashe, maza suka cire huluna, kowane jirgi ya sauke tutarsa rabi, kamar yadda aka saba. Hidde ma ɗan mutunci ne. Ya miƙe ya kwance igiya, ya sauke tasu tutar cikin ladabi, ƙoƙon kai ya sauko ya tsaya daidai fuskar masu makoki yana yashe musu haƙora.

Douwe ya durƙusa ya finciki ƙofar ɗakin kyaftin zai faɗa ciki. Ashe ɗakin ma na ado ne, batura ne cike a ciki, ko kyanwa ba za ta samu wurin kwana ba.

"Maigida, ɗan kama mana igiya!"

Muryar Tjerk ce, babban ɗan Sibren. Igiyar ta taho, hannun Douwe ya cafe ta kafin kansa ya yi shawara. Jiragen biyu suka haɗa kafaɗa. Ya ɗago kai, suka yi ido huɗu.

"Douwe?" in ji Tjerk.

Kowa ya juyo. Ga Marten tsaye da tulun tokar a ƙirji, baki buɗe. Ga ƙannen Sibren, ga surukai, ga fasto. Ga Aukje zaune a kan benci, kusa da shi har in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ta dubi farin ƙwaurinsa, ta dubi kansa. Sai a sannan ya tuna da hular. Ya cire ta, ya kifa ta a ƙirji yadda yake kifa hularsa ta jana'iza, gashin tsuntsun yana sosa masa haɓa.

"A'a, ashe kun san juna!" in ji Hidde, a ganinsa yana rage murya. "Allah ya ba ku haƙuri. Kar ku ga laifin Kyaftin, jikokinsa zai saya wa."

"Jikoki?" wata tsohuwa, ƙanwar Sibren, ta ce. "Douwe ne da jikoki? Yaushe aka yi auren ban sha kofi ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, jiragen na ɗagawa a hankali, a hankalin da Douwe bai taɓa sanin ruwa na da shi ba. Ya ji kamar ya saki igiyar ya faɗa tsakanin jiragen a huta. Amma in ya saki, jirgin Sibren zai bugi na gefe. Haka ya tsaya riƙe da ita, gumi na bin bayansa. Kunya irin wannan bai taɓa jin ta ba.

"Aukje," ya ce. "Ban san yadda..."

"Ka warke ke nan?" ta ce. Ba gatse a muryarta, abin da ya fi kashe shi ke nan.

"Lafiyarsa ƙalau, Mama, ba ki ganinsa?" Tjerk ya ce, fuskarsa ta yi jawur. "Kai, Douwe, ka san me ya sa muka kai yanzu? Ka sani?"

"Tjerk, bari."

"Ba zan bari ba, Mama! Tun asuba matar nan take tsaye a kicin. Yau, ranar Baba! Wai Douwe shi kaɗai ne, ba mai ba shi ko ruwa. Muna hanyar jirgi ta ce sai mun biya ta gidanka. Muka danna ƙararrawa, shiru. Muka buga waya, a kashe. Ta ce wallahi ba inda za ta, mutum ya faɗi a ciki. Na ce Mama, mutane na jira. Ta ce Baba ya riga ya tafi, ba abin da zai same shi, kai kuwa Douwe kana da rai."

Douwe ya sunkuyar da kai. Yana ganin takalman Aukje, baƙaƙe, na zuwa coci.

"Da kafaɗata na ɓalle ƙofarka," in ji Tjerk. "Ta bi ɗaki-ɗaki tana kiran sunanka. Har ƙarƙashin gado ta leƙa. Daga nan asibiti muka yi ta bugawa, ko an kawo wani dogon dattijo. Ka ga kukan da ta yi kuwa? Ko ranar da aka ƙona Baba ba ta yi irinsa ba."

Mutanen sauran jiragen duk sun kau da kai suna kallon bango, irin kau da kan da ke nuna ba abin da ya wuce kunnensu. Hidde ya zauna a hankali.

Douwe ya nemi magana. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nemo wa masu kuka kalmar da ta dace, yau ko ɗaya bai samu ba. Da zaginsa Aukje ta yi, da ya ji sanyi. Da ta tofa masa yawu, da ya gode.

Marten ya ɗan motsa, ya miƙo tulun kaɗan, kamar mai tambaya ko maigida zai tsallako ya karɓi aikinsa. Aukje ta girgiza kai. Ta miƙa hannuwanta biyu ta karɓa da kanta, ta ɗora a cinya. Hannuwan na rawa, murfin yana 'yar ƙara, amma ta riƙe.

Ƙofar gaba ta fara buɗewa, hasken tafki ya shigo. Mai gadi ya yi alama a bar jirgin makoki ya fara fita.

"Saki igiyar," in ji Tjerk.

Douwe ya saki. Jirgin ya fara janyewa, ruwa ya shiga tsakaninsu. Aukje ta juyo ta dube shi, idanunta a kumbure.

"Na gode wa Allah da na gan ka a tsaye, Douwe," ta ce. "Romon kaza ne, yana kan teburin kicin ɗinka. Ka ɗumama shi a ƙaramar wuta, kar ka bari ya tafasa."