Kibiya Ɗaya a Baƙin Allon Yaya

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Yaya, bakinsa ya rufe, aikin ɗakin ƙyanƙyasa ya faɗo kan Auta. Injuna cike suke da ƙwai, kuma abin da ke juya su, ya ƙara musu ɗumi ko ya rage, duk yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke kan teburin falo. Ba hoto, ba wurin latsawa. Baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta umarni da hannunka. Shi kuwa Yaya, Allah ya ba shi lafiya, gwanin raɗa dogon suna ne. Kafin ka kai ƙarshen umarni ɗaya nasa sai ka manta farkonsa.

Auta ta gaji da wannan wahala. Ta samo wata 'yar manhaja a intanet wadda in ka rubuta farkon umarni ka danna maɓallin tab, sai ta ƙarasa maka. Saka ta bai ba ta wuya ba, har ta fara jin kanta. Abin da ya rage shi ne ta ƙara layi ɗaya a ƙasan fayil ɗin da baƙin allo ke karantawa duk lokacin da aka buɗe shi, inda Yaya ya tara umarnansa kaf. Shafin da ta samo manhajar ya nuna a buga alamar kibiya biyu a jere. Ita kuwa ido a waya, hannu a kwamfuta, ta buga ɗaya. Kibiya biyu na nufin ƙara a ƙasa. Ɗaya na nufin share komai, ka rubuta wannan.

Ta buɗe sabuwar tagar baƙin allo don gwaji, ta rubuta farkon umarnin juya ƙwai, ta danna tab. Shiru. Ta rubuta shi duka, allo ya ce bai san shi ba. Da ta leƙa fayil ɗin sai ta ga layi ɗaya tilo, nata. Aikin shekaru ke nan, ga mai shi kwance a ɗaki ba ya iya kiran ko sunanta.

Ta kira Dogo a waya, abokin Yaya da suka koyi aikin tare.

"Tsaya, daina kuka," in ji Dogo. "Akwai tagar da kika buɗe kafin ki yi ɓarnar?"

"Akwai ta safe, tana baya."

"Gwada umarni ɗaya a cikinta."

Ta gwada na duba ɗumi. Lambobi suka fito yadda suka saba.

"To ita kaɗai ta rage da su a ka. In ta rufe, shi ke nan, ni kaina ban san yadda ya haɗa injunan nan ba. Kada ki taɓa komai. Yaya batirin kwamfutar?"

"Ya mutu tuntuni. Da wuta take aiki."

Injunan ƙyanƙyasa suna da batirinsu, amma in ba mai ba su umarni, ƙwai za su kwana gefe ɗaya har su lalace. Ta taga kuwa, ta gaskiya mai labule, Auta ta ga gari ya yi duhu da rana tsaka. Hadari ya haɗo, kuma kowa a unguwar ya san da iska ta taso ake ɗauke wuta.

Sai ga Inna ta fito daga ɗakin Yaya da saurinta. Al'adarta ce, da ta ji tsawa sai ta bi gida tana zare wayoyin wuta. Ta zare ta talabijin. Ta miƙa hannu bayan tebur.

"Inna! Kada ki taɓa!"

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya haka ba. Inna ta tsaya a sunkuye, yatsunta a kan wayar.

"Ke, lafiyarki? Tsawa za ta ƙona masa ita."

"Don Allah, Inna, ɗaga hannunki a hankali. Don Allah."

Inna ta ɗaga, ta ja da baya tana salati. Fitilar falo ta yi ƙasa, ta dawo.

Dogo ya fara karanto mata umarnin da zai sa tagar ta zazzage abin da ta riƙe cikin sabon fayil. Muryarsa na yankewa, ruwa ya fara dukan kwano, tana maimaita masa kowane harafi da ihu. A ƙarshe ya ce ta sa kibiya.

"Nawa?"

"Ɗaya. Sabon fayil ne, ba abin sharewa."

Yatsanta ya ƙi sauka. Ta tambaye shi kuma, ya sake faɗa, har da rantsuwa. Ta runtse ido ta danna. Da ta buɗe fayil ɗin, ga su nan jere, dogayen sunayen nan da ta tsana, ba ta taɓa ganin abu mai kyansu ba. Ba ta gama sauke numfashi ba wuta ta ɗauke, allo ya mutu.

"Sun fito, Dogo! Duka sun fito!"

"Alhamdu lillahi. Ƙwai sun tsira," in ji Dogo. "Sai dai umarni kaɗai taga ke riƙewa. Bayanan da ya rubuta a tsakaninsu sun tafi. Amma ai kin riga kin karanta su."

"Wane bayani?"

"Tun da jininsa ya fara hawa yake rubuta miki. Bisa kowane umarni akwai abin da ya ce miki, har da tsokana. Ya ce ko ba ya nan, kya ji kamar yana kusa. Ba ki taɓa buɗewa ba?"

Ta ajiye wayar ta shiga ɗakin Yaya. Ya ji ihun da aka yi, idonsa na kan ƙofa, ya ɗaga girarsa mai lafiya yana tambaya.

"Ƙwai lafiya lau, Yaya," ta ce.

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa, ya ci gaba da kallonta yana jiran sauran.