Jaririn Roba da Ƙwaryar Hindu

Bayan isha'i na ji shi daga bayan dangar maƙwabciyata: fuf, shiru, fuf, kamar zugazugin wani maƙeri da ke ƙera wa tururuwa fartanya. Na leƙa. Hindu ce, ungozomar ƙauyenmu na gefen Tajaye, wadda rabin garin ta hannunta suka fito. Jariri ne a cinyarta, ta kifa masa wani abu a hanci tana matsa ƴar jaka, ƙirjinsa na tashi yana sauka. Sai da ta ɗaga fitila na ga na roba ne.

"Shigo, Tanimun, tunda idonka ya riga ka."

Aronsa aka ba ta daga asibitin Illela, don ta gwada hannu. A da, in ji ta, horon ungozomomi kwana biyar ne na sauraro, a ci shinkafa, a miƙo takarda. Bana sai kowace ta yi da hannunta a gaban madam, madam na bin layi ashirin na takardar jarrabawa tana sa alama. Wadda ta faɗi, a karɓe akwatin aikinta, ta bar shiga ɗakin haihuwa.

Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, don haka ni na riƙa sassaƙo mata karatun layukan. Hannunta ya san duka. Na bakwai ne ya tsaya mata: a faɗa da murya cewa yaro ba ya numfashi.

"Wanga ba ni faɗinai," ta ce. "Shekara talatin ban furta shi bisa ɗan mutum ba. Uwa na kwance tana ji."

"Na roba ne fa."

"Bakina na roba ne?"

Ta ba ni shi na riƙe. Ba nauyi, ƙamshinsa na sabon takalmin kasuwar Ƙonni. Na ji tausayinsa: kullum ya mutu da hantsi, a tashe shi kafin azahar, ba suna, ba rago. Kwana uku ina mafarkin ya girma yana kabu-kabu a bakin iyaka, in zai yi numfashi sai fasinja ya matsa masa jaka.

Ranar Alhamis na raka ta Illela a amalanke. Madam Nafisa, ungozomar asibiti, yarinya ce mai sanyin murya. Hindu ta wanke hannu har gwiwa, ta goge jaririn, ta murza bayansa. Da aka zo layi na bakwai ba ta ce uffan ba. Ƙafa ta sa ta tura wata ƙwarya da ta ajiye a ƙasa, hannuwanta ba su bar jaririn ba. Ƙwaryar ta gangara ta fita ƙofa, ta yi ta juyi a rana har ta kwanta. Ta matsa ƴar jakar, ƙirjin roba ya tashi.

"Inna," in ji madam, "layin nan don a gudu a nemo abin hawa ne. In ba ki faɗa ba, wa zai gudu?"

"Ɗiyata, a garinmu in ƙwarya ta fito ɗakin haihuwa, kowa ya san sai gidan Dogo mai babur."

Madam ta juyo gare ni. "Baba, haka ne?"

Na ce sau uku ni kaina na yi gudun, sau ɗaya ba takalmi.

"To in baƙuwa ce zaune a ƙofar?"

Hindu ta dubi hannuwanta.

Madam ta daɗe da biro a sama. Layi sha tara ta cika, ta ce, amma na bakwai yana cikin waɗanda ba a tsallakewa, kuma takardar ba ta da gidan ƙwarya. Ta yi dogon rubutu a gefe, ta ce za ta aika birnin Tawa manya su duba. Kafin amsa ta zo, akwatin zai zauna a buro, ofishin madam.

Muka dawo da la'asar, Hindu riƙe da ƙwaryar a cinya. Gonakin gero na wucewa a hankali, ina ta ganin kamar mu ne tsaye su ke tafiya.

A bakin gari muka tarar da Alhasan, wanda gidansa ke jikin nawa, matarsa Fati ta shiga wata na tara. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya dubi bayan amalanken inda akwatin ya saba zama.

"To in naƙuda ta riga takardar Tawa isowa, ƙofar wa zan buga?"