Sunan Da Baba Bai Taɓa Kira Ba

Sau goma sha ɗaya Abdul'aziz yana rubuta jimlar da Ingilishi, sau goma sha ɗaya yana gogewa. Kalmomi takwas ne kacal na Jamusanci, wata tsohuwar magana da Jamusawa ke yi a kan tsufa, wadda wani kamfanin gidajen kula da tsofaffi ya ɗora a bangon ƙasidarsa, a ƙarƙashin hoton wata tsohuwa mai dariya da haƙoranta cif. Abin da maganar ke nufi shi ne ba takardar haihuwa ke faɗin tsufan mutum ba, yadda yake ji a jikinsa ne. Ma'anar ba ta gagare shi ba. Matsalar ita ce duk yadda ya juya ta a Ingilishi sai ta fito kamar tallar man shafawa.

Shi kuwa ba ya sakin kalma sai ya tabbatar ta zauna daram. A ofishin fassara da yake aiki a Lyon ta ƙasar Faransa har tsiya ake yi masa, wai in aka ƙyale shi zai wuni a kan waƙafi ɗaya.

Wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Fatsima ce, tsohuwar maƙwabciyarsu a unguwar La Courneuve ta wajen Paris, mai sayar da kayan miya a kasuwar Château Rouge.

"Ina wuni, Hajiya? Ina gajiya? Yaya kasuwa?"

"Lahiya lau. Bar gaisuwar nan, ɗana. Yaushe rabonka da tsohonka?"

Ya ɗaga kai ya dubi kalandar bango, kamar ita aka tambaya. Wata bakwai ke nan tun da ya kai mahaifinsa Malam Ilya gidan tsofaffi a gefen Paris, bayan faɗuwar da ya yi a matakala. Sau ɗaya ya koma.

"Na je jiya," in ji Hajiya. "Na dama mishi fura na kai. Ba shi cikin ɗakinshi na da. Sun hau da shi bene na uku, inda ake kulle ƙofa da lambobi. Wai hankalinshi ya gushe. Ilya! Mutumin da ke gyara ma liman karatu?"

"Sun aiko mini da takarda, Hajiya. Likita ne ya gwada shi."

"To, ka karanta ta?"

Ya sa hannu a kanta dai. Wannan kam ya tuna.

* * *

A ƙasan wani tarin ƙamus ya samo takardar. Tun watan Afrilu take nan, ga shi ana cikin Satumba. Wannan karon ya karanta ta yadda yake karanta aikin mutane, layi bayan layi.

An tambayi tsohon kwanan wata, ya yi kuskuren kwana biyu. An ba shi kalmomi uku ya riƙe, ya dawo da biyu. To wannan ai ko shi Abdul'aziz yana iya yi. Sai layin da likita ya ja wa layi a ƙasa: an tambaye shi sunan ɗansa har sau uku, bai amsa ba, ya sunkuyar da kai yana murmushi. A can ƙasa kuma da ƙananan haruffa: an nemi ɗan ya zo ya yi tafinta, bai samu dama ba.

Abdul'aziz ya ajiye takardar, ya riƙe kai da hannu biyu.

Shi ɗan fari ne. Tun da uwarsa ta haife shi a Damagaram, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, waɗanda ba su kiran ɗan fari, ba su zuba masa ido, ba su nuna suna son sa a gaban jama'a. Da yana ƙarami "yaron nan" ne. Da ya tafi karatu ya samu aiki sai ya zama "mutumin Lyon". Ranar da aka kai shi makaranta a La Courneuve, yana ɗan shekara tara, malamar ta tambayi sunansa, sai Malam Ilya ya zaro takardar haihuwa daga aljihu ya miƙa mata, ya juya yana kallon taga.

Abin ya daɗe yana cin sa a rai. Da yamma yakan ji uban Christophe, abokin wasansa, yana ƙwala masa kira daga bene na shida har unguwa ta amsa, shi kuwa ya tsaya da ƙwallo a hannu yana jin kishi. Ya taɓa kai ƙara wurin mahaifiyarsa. Marigayiya Mardiya ta yi dariya har da hawaye.

"Kai dai wawa ne," ta ce. "Ba ka ganin wa yake tura wa tsokar nama in kuna cin abinci?"

Gaskiya ne kuwa. Tsohon yakan sa ɗan yatsa ya gangaro da naman gefensa, idonsa na kan bango, kamar naman ne ya yi tafiyarsa da kansa.

Wannan ne abin da likita ya gani ya kira ciwo. Da Abdul'aziz na zaune a ɗakin, magana biyu ta isa. Tsakanin Lyon da Paris awa biyu ce a jirgin ƙasa, amma a makon da aka yi gwajin yana fama da littafin bayanin wata na'urar wanke kwanuka.

Mai ji zai ce ai a ranar ya kama hanya. Ina! Sai da ya ƙare ƙasidar tukuna, don ya yi alkawarin miƙa ta ranar Juma'a, kuma shi ba ya saɓa wa Bajamushe alkawari. A juyi na sha tara ya samo jimlar. Ta fito sumul, mai aikin har ya rubuto yana yabawa. Kwana tara ke nan da kiran Hajiya.

* * *

A cikin jirgi ya rubuta wa likita bayani da Faransanci, shafi guda, yana gyarawa yana sake gyarawa. Ya bayyana al'adar, ya roƙi a sake gwajin yana wurin, a mayar da tsohon ɗakinsa na ƙasa inda ake barin mutum ya fita lambu. Ya yi ta ƙiyasta yadda za a yi. Zai durƙusa ya gaishe shi, tsohon zai kau da kai ya ce da bango, "Mutumin Lyon ya iso?" Bai san yana kewar wannan kau da kan ba sai yau.

Wata ma'aikaciya mai suna Sophie ce ta hau da shi. Mace ce mai fara'a, gajiya ta cika mata ido. Ma'aikata biyu ne kacal a kan tsofaffi ashirin da huɗu. Ta danna lambobi, ƙofa ta buɗe, ta sake rufewa a bayansu. Wani tsoho na bin bango yana kiran matarsa. Talabijin na ta surutu ba mai kallo.

Da ƙyar ya gane mahaifinsa. An aske masa gemu, don wai ya fi sauƙin wankewa. Babu hula a kansa. Yana zaune a kujera kusa da taga, cikin wata rigar sanyi mai hoton barewa wadda ko a mafarki ba tasa ba ce.

Abdul'aziz ya cire takalmi, ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ina wuni? Yaya jiki?"

Sophie ta dafa kafaɗar tsohon. "Tsaya ka gani," ta ce da Faransanci, "mun sha aiki ni da shi. Kullum da safe sai na tambaye shi." Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Monsieur Ilya, yaya sunan ɗanka?"

"Abdul'aziz," in ji tsohon.

Da ƙarfi ya faɗa, ba gargada, ba sunkuyar da kai. Ashe haka sunan yake a bakinsa, da ɗan jan wasalin ƙarshe irin na mutanen Damagaram. Shekara arba'in da ɗaya Abdul'aziz yana jiran wannan, kuma daɗin ya ratsa shi har ƙafa, ba zai yi ƙarya ba. Amma daɗin bai kai numfashi biyu ba tsoro ya biyo baya, domin tsohon ya zuba masa ido, kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka ji ko?" in ji Sophie tana murna. "Wata biyu ke nan da ya fara faɗin sunan. Yanzu wuni yake yana kira. Ya samu sauƙi sosai."

Malam Ilya ya ci gaba da kallon mutumin da ke durƙushe a gabansa, kallon da ake yi wa baƙo mai ladabi.

"Bawan Allah, ashe kana jin Hausa? Daga wane gari?"

"Baba, ni ne."

"Madalla, madalla. Allah shi yi albarka." Ya kama hannunsa, ya rage murya. "In hanya ta bi da kai Lyon, ka ce ma Abdul'aziz shi zo. Shi ya iya maganarsu. Ni na gaji, ba su gane mi nike nufi."

Takardar bayanin na nan a aljihun Abdul'aziz, ninki huɗu, babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Bai fito da ita ba.

"Me ya ce?" in ji Sophie, tana gyara wa tsohon wuyan riga.

Harsuna huɗu Abdul'aziz ke ci da su. Amma iyakar abin da ya juya mata ke nan:

"Ya ce yana jiran ɗansa."

Sophie ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne, ta wuce wurin mai bin bango. Tsohon ya saki hannun baƙon a hankali, ya mayar da idonsa kan ƙofar mai lambobi, ya sake kiran sunan.