Rabin Tulu a Bayan Zare

Tun tana ƙarama Yaya yake kiranta Uwar Ƙa'ida, sunan kuwa ya bi ta har wurin aiki. Aikinta tono kayan tarihi ne. Kayan aikinta ba su cika jaka ba: ƙaramin cokalin magina, buroshi, da farin zare da take ɗaurewa a turaku huɗu kafin ta taɓa ƙasa.

Wata bakwai ta yi tana sintiri a ofishin adana tarihi kafin a ba ta izinin tono a tsakar tsohon gidan waya. Takardar ba ta da wasa: mita shida tsawo, huɗu faɗi. Wanda ya tsallake zare ko da faɗin yatsa ne, a soke izininsa, abin da ya tono kuma ba zai shiga rajista ba.

Ranar Alhamis da hantsi buroshinta ya fito da bakin wani tulu. Ta bi shi a hankali, sai ta tarar ya kwanta daidai ƙarƙashin zaren, rabi a cikin filinta, rabi a waje. Abin haushi, wancan rabin yana kan layin da za a haƙa magudanar ruwa ranar Litinin. Mai haƙawar kuwa Yaya ne da katafilarsa.

Ya leƙo ramin yana dariya, ya sa ƙafa ya ture turke ɗaya.

"Ke da buroshi an hana ki, ni da katafila an ba ni," in ji shi. "Kawo shebur in ciro miki, takardata ta ci wurin nan."

"Yaya, in ka ciro shi haka, ya zama tulun shuka fulawa. Babu wanda zai san zurfin da yake, balle shekarunsa."

Ta kakkaɓe gwiwa ta tafi ofis, ba ta ko ji ɗar ba. Mai hatimi yana zaune tsakanin fayiloli, fanka na kaɗa masa takardu.

"In ƙarin fili kike so, kwamiti sai bayan sati uku," ya ce.

"Na sani, ranka ya daɗe. Fom ɗin dakatar da aiki nake so."

Ya sauke tabarau. "Wannan ai mai haƙa ne ke sa masa hannu, in ya ci karo da kayan tarihi. Tunda nake a kujerar nan ban ga wanda ya tsayar da aikinsa da hannunsa ba."

"Yau za ka gani."

Da ta dawo, Yaya ya karanta fom ɗin, dariyar ta ɗauke.

"Sati uku katafila a tsaye? Maigidana zai cinye ni ɗanye."

Ba ta roƙe shi ba, don ta san hali: in aka lallashe shi sai ya ƙara taurin kai. Ta ce dai ya sauko ramin. Ta nuna masa wani ɗan lotsawa a wuyan tulun, inda babban yatsan maginin ya danna yumɓu tun yana ɗanye. Yaya ya ɗora nasa yatsan a kai, duk da baƙin mai. Yatsan ya zauna cif.

Yana tsugune ta miƙa masa biro. Tausayinsa ya kama ta, don ta san irin faɗan da zai sha, amma ba ta janye biron ba.

Ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu. Da ya fito daga ramin sai ya ɗauki turken da ya ture, ya mayar da shi gurbinsa, ya buga da dutse.

"Uwar Ƙa'ida," ya ce, "zo ki duba, zaren ya miƙe daidai?"